Muryar Baba a Kwamfutocin Jibrilla

In ka shiga kasuwar Turba ta wajen 'yan dabbobi ka tambayi Jibrilla, za a nuna maka wata rumfar kwano da ƙaramin janareta ke ƙugi a bayanta. Nan za ka same shi, dogon Bafulatani siriri da sukudireba soke a hula, yana cajin wayoyin mutane yana gyaran rediyo. Ba shi da wata kama ta a-zo-a-gani. In ka gaishe shi sai ya dubi ƙasa kafin ya amsa. Ni Lawwali, mai shagon kwamfuta a Isa, na daɗe ina kishin mutumin nan. Tunda na ɗauki alƙalami zan ba da labarinsa, gara in faɗi haka tun da wuri, kada wani ya zaci da zuciya ɗaya na zo yabonsa.

Aji ɗaya muka yi da shi a ƙaramar sakandare. Ni nake zuwa na ɗaya, shi kuwa yana can tsakiya inda malamai ba sa tuna sunan mutum. Muna aji uku mahaifinsa ya rasu, ya ajiye littafi ya koma bin shanu da noman gero. Ni na wuce Sakkwato na yi difloma a kan kwamfuta, na dawo da takarda mai hatimi na rataye ta a bangon shago inda duk mai shigowa zai gani. Shi kuma a bayan shanu ya koyi buɗe rediyo, daga rediyo ya koma waya, daga waya ya faɗa kwamfuta, ba malami ba littafi. Abin da ya fi ba ni haushi a halinsa shi ne ba ya zubar da komai. Mataccen batir, guntun waya, allon da ya fashe, duk yana da buhun da yake tara su, kuma wata rana sai ka ga sun yi amfani.

Ba a kan kwamfuta kishina ya fara ba. A kan mahaifina ne.

Baba Usmanu na Gangara mahaƙin rijiya ne, kamar ubansa da kakansa. Daga Sabon Birni har Isa da wuya ka sha ruwan tsohuwar rijiya da hannun gidanmu bai taɓa ba. Ni ne ɗansa na fari, kuma duk ɗan fari na ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ya yi hira ba. In yana son buta sai ya ce, "Kai wanga, miƙo buta," yana duban wani wuri. Tun aka yaye ni aka kai ni riƙo gidan baffana a Sabon Birni, ƙannena su ne suka tashi suna riƙe masa igiya da guga. Kowa ya ce mini kunya ce, ba ƙi ba, kuma na yarda. Amma har na yi gemu ina jiran ranar da zai tsaya ya yi magana da ni, magana doguwa, irin wadda yake yi da kowa.

Sai fari ya zo, shekara biyu a jere. Ta farko ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Ta biyu sau uku aka yi shuka, sau uku rana ta ƙone ta. Gulbi ya koma rairayi, rijiyoyi suka koma laka, mata na wuni a bakin rijiya su koma da rabin tulu. A lokacin Baba ya tsufa, idonsa ya yi hazo, gwiwoyinsa sun daina ɗaukarsa zuwa masallaci, balle cikin rami. Amma duk rijiyoyin ƙasar nan suna cikin kansa, har waɗanda ƙasa ta cike tun kafin a haife ni. Ya san wanda ya haƙa kowace, gaba nawa ne zurfinta, da irin ƙasar da aka ratsa kafin a kai ruwa.

Jibrilla ya je wurinsa ne saboda shanun danginsa sun fara kwanciya. Ya durƙusa a ƙofar zaure ya ce, "Baffa, ina aka samun ruwa yamma ga Turba?" Baba ya fara bayani, Jibrilla ya ga ba zai iya riƙewa ba, sai ya ciro waya ya nemi izinin ɗaukar muryar. Bayan kwana huɗu ya dawo da wata tambayar. Kafin wata ya ƙare ya zama ɗan gida. Yakan ɗora Baba a babur ya ɗaure shi da rawani a bayansa don kada ya faɗi, su tafi daji neman tsofaffin rijiyoyi. Baba ya murza ƙasa a hannu ya shinshina ya yi magana, Jibrilla ya ɗauki hoton wurin da hoton ƙasar da muryar. In sun samu rijiyar da ba ta cike ba sai su jefa dutse, ya ɗauki ƙarar faɗuwarsa, don Baba da kunne yake gane zurfi.

Wata Juma'a na je Gangara gaisuwa na tarar da su a zaure. Baba na dariya har da buga cinya, yana ba Jibrilla labarin ranar da kunama ta shige masa wando a gaba goma ƙarƙashin ƙasa. Ban taɓa jin labarin ba. Ina yin sallama dariyar ta tsaya, ya gyara zama ya amsa gaisuwata a taƙaice yana duban bango. Na zauna kamar baƙon da ya zo ba a shirya masa ba. Da na fita na tsaya ɗaure takalmi, sai na ji an ci gaba da labarin kunama.

Ba a daɗe ba wayar Jibrilla ta cika, memori uku suka cika, ya zo shagona neman shawara. Na gyara zama ƙarƙashin takardata na yi masa lacca. Na ce irin wannan aiki babbar kwamfuta yake so, guda ɗaya, a ɗaki mai sanyi da wuta ba yankewa, kuma ko ofisoshin gwamnati na nan ba su da irinta. Ya saurara har na gama, ya ce, "To, in babu babba, ƙanana da yawa hwa?" Na yi masa dariya.

Ashe ya riga ya tsinto tsofaffin kwamfutoci huɗu daga wani shagon buga takardu da ya rufe, ya tayar da su da kayan buhunsa. Ɗaya ya ajiye a rumfarsa a Turba, ɗaya wurin mai caji a Gangara, biyu a Sabon Birni. Babu wadda za ta iya ɗaukar kayan duka, kuma babu wadda ke samun wuta fiye da 'yan awoyi a yini. Sai ya raba musu aikin. Muryoyin suna cike da ƙarar iska, hotunan kuma manya ne, to kowace kwamfuta sai ya ba ta kasonta ta tace ta rage girma a lokacin da janaretan rumfar ke aiki. Direbobin motocin kasuwa su ne ke ɗaukar memori daga wannan rumfa zuwa waccan, a nannaɗe cikin leda. Dokarsa ɗaya ce, duk abin da aka ɗauka sai ya zauna wuri uku. Ya ce haka danginsa ke yi da garke in fari ya yi tsanani, a raba shi hannun 'yan'uwa a wurare daban-daban, in cuta ta faɗa wa kaso ɗaya ba a rasa duka ba.

Sannan ya yi wani jeri wanda kowace kwamfuta ke riƙe da irinsa. Kowace rijiya da layinta: sunanta, ƙauyen da ke kusa, zurfinta, hotunanta, muryar Baba a kanta, da kwamfutocin da ke ajiye da su. Ya kuma zauna ya saurari kowace murya, ya rubuta duk sunan da ya fito daga bakin Baba, na mutum ko na gari ko na itace. In ka buga sunan ƙauyenku sai duk abin da Baba ya taɓa faɗi a kansa ya fito. A makaranta an koya mana irin wannan tsari da manyan sunaye na Turanci, na haddace su na ci jarrabawa. Ban taɓa tunanin za a iya gina shi da direbobi da leda ba, kuma ganin yana aiki ya ƙara mini kishi.

Kwamfutar shagona ita ce ta biyar da yake so. Ta fi sauran lafiya, kuma ba mai taɓa ta sai ni. Na yarda, ba don Allah ba, don kada a ce an yi abin kwamfuta a ƙasar Isa babu Lawwali. Kayan da ke zuwa ta hannun direba ni ke zubawa, amma wani lokaci Jibrilla kan zo da kansa, ya nemi in ba shi kujera, ya zuba wani abu ya tafi. Ban taɓa buɗe ko ɗaya na saurara ba. Ina jin ciwon in ji muryar mahaifina tana yi wa wani hira.

Aikin ya yi amfani, wannan ba zan ɓoye ba. Mutane suka riƙa zuwa rumfunan caji da memorinsu, a zuba musu abin da Baba ya faɗa a kan yankinsu, su tafi da dagi da igiya. Wasu sun haƙa ba su samu ba, wasu sun samu. Babbar nasara ita ce tsohuwar rijiyar da ke gabas da Gangara, gindin wata busasshiyar tsamiya, wadda ko dattawan gari sun manta da ita. An yi kwana shida ana haƙa sai aka ci karo da marmara, dutsen nan mai tauri, mahaƙa suka ce a haƙura. Jibrilla ya kunna musu wayar a bakin ramin, muryar Baba ta ce, "Gaba tara za ku ishe marmara. Kada ku ji tsoro, ku huda ta, ruwa na nan ƙarƙashi." Suka huda. A rana ta tara sai ruwa ya ɓullo.

Na rufe shago na je ranar. Da hannuna na ja gugan laka tun hantsi har tafin hannuna ya yi kanta. Aka ɗauko Baba a amalanke aka zaunar da shi a inuwa. Da aka ciro gugan farko mai tsabta aka kai masa, sai ya ture ƙwaryar ya ce, "Ina Jibrilla? Ku ba Jibrilla shi hwara sha." Wani dattijo baƙo daga Sabon Birni, wanda bai san gidanmu ba, ya dubi Jibrilla ya ce wa Baba, "Allah shi yi ma ɗanga naka albarka." Baba ya ce amin. Bai gyara masa ba. Ina tsaye taku uku daga wurin, laka har gwiwa.

Da na koma gida na kasa cin tuwo. Tani matata ta ce, "Kai da difloma, kaka kishin mai caji bisa abin da ko jariri ya sani? Wane uba ka kiran ɗan hwarinai cikin taro?" Na ce ta rabu da ni. Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ba ta rage mini komai ba.

Washegari da safe na buɗe shago na shiga jerin Jibrilla, karo na farko. Na buga sunana. Babu ko layi ɗaya. Na buga sunansa, allon ya cika, na yi ta gangarawa ƙasa bai ƙare ba. Akwai sunan jakin kakana a ciki. Akwai sunan wata mai fura da ta mutu tun zamanin Turawa. Na zauna ina duban allon, na ce wa kaina ni ne wawan da ke ba da wuta da kwamfuta ana ajiye hirar ubana da ɗan wani.

Na goge kason da ke wurina gaba ɗaya. Ni da na yi karatun, na san abin da aka goge ana iya dawo da shi muddin ba a zuba wani abu a gurbinsa ba. Shi ya sa na zuba. Hotunan biki, fina-finai, wa'azi, duk abin da hannuna ya kai, har kwamfutar ta cika maƙil. Na lallashi kaina da cewa ban cuci kowa ba, ai komai na wuri uku, biyu sun rage. Ni dai na fita daga cikin garken, shi ke nan. Memorin da direba ya kawo ranar kasuwa na jefa shi aljihun tebur, ban ce wa kowa komai ba. Jibrilla kuwa yana can wajen iyakar Nijar ana tonon wata rijiyar.

Kwana goma sha biyu bayan haka Baba ya rasu. Zazzaɓi ne na kwana uku. Ina wurin, na riƙe masa ƙwaryar kunu, ya sha bai dube ni ba, kamar kullum. Jibrilla ya iso an riga an kai shi.

Bayan sadakar bakwai ya zo shagona da hantsi. Ya yi mini ta'aziyya a karo na biyu, ya zauna, ya cire hula ya mayar. Sannan ya ce, "Lawwali, amanarka niz zo in ba ka."

Na ce wace amana.

Ya ce, "Baffa ya bar maka magana. Sau tara yay yi ta. In mun ƙare aikin rijiya shikan ce in aje wayar bisa tabarma in tahi in duba babur. In na komo sai shi ce, wagga ta wancan yaron ta, mai shago. Kada ka ba shi sai bayan raina."

Na ce, "Tana Turba ke nan? Ko Sabon Birni?"

Ya dube ni da mamaki. "Tana nan, cikin taka. Ni da kaina nika kawo ta, in zuba, in goge memorin."

Ya jawo kwamfutar ya buɗe jerin, ya gangara can ƙarshe. Layi tara, ba suna ba hoto, sai kwanan wata da tsawon magana. Ɗaya minti huɗu, ɗaya minti goma sha bakwai, ɗaya ta kusa rabin awa. A gaban kowane, inda ake rubuta wurare uku, wuri ɗaya ne: Isa. Ya danna na farko, kwamfutar ta ce babu shi. Ya danna na biyu. Ya leƙa cikin ma'ajiyar ya ga hotunan amare da fina-finai. Bai tambaye ni ba. Mutumin da ya tayar da matattun kwamfutoci huɗu ba ya bukatar a gaya masa wannan ba lalacewa ba ce.

Kunya ta juye mini zuwa faɗa. Na miƙe ina ihu, na ce ina dokarsa ta wuri uku, wa ya ce ya karya ta, ashe duk tsarin nasa na banza ne.

Ya bari na gama, ya ce, "Maganar uba da ɗan hwarinai, in ba direba shi kai rumhwar caji, inda kowa ka saurare? Na ga taka ɗai ta ba mai taɓawa sai kai."

Na ce to ya gaya mini abin da Baba ya faɗa, ai shi ke sauraron komai yana rubuta sunaye.

"Ban saurara ba. Ba tau ta ba." Ya dubi ƙasa. "Ni ma ɗan hwari na, Lawwali. Nau uban ya tahi bai bar min ko tari ba. Duk sadda niz zo zuba maka, sai in koma gida ina ƙyashinka."

Na koma na zauna.

Ya ciro sukudirebansa ya kwance ma'ajiyar kwamfutata, ya nannaɗe ta a rawani ya tafi da ita. Ya yanka abin da ke cikinta kashi-kashi ya raba wa kwamfutocinsa huɗu, kowace ta riƙa tsefe kasonta tana neman guntun murya da bai mutu ba. Mako biyu suna yi. Ya hana rumfunan zuba wa kowa komai a kwanakin, masu caji har suka fara ƙorafi. Ni kuwa kullum ina bakin tasha ina duban motocin Turba kamar mai jiran haihuwa.

Ranar Talata ya zo da memori ɗaya a leda. Ya ce, "Abin da anka samu ke nan. Daƙiƙa shida ta, hwarkon magana ta ƙarshe. Ka yi haƙuri." Ya sa mini a waya ya miƙe zai fita, na ce ya zauna.

Muryar Baba ce, kusa sosai, kamar yana gefena. Ya ce, "Jibrilla, ka yi nisa?" Aka yi shiru, wata kaza ta yi kuka can baya. Sai ya ce, "To." Ya ja dogon numfashi, irin na wanda zai fara magana mai nauyi. Nan ta yanke.

Na mayar na sake ji, na sake, ban san sau nawa ba. Numfashin nan nawa ne, ni aka ja wa shi. Amma kafin in kai gare shi dole in bi ta kan sunan Jibrilla, kowane karo. Na tambaye shi ko zai iya yanke mini farkon. Ya ce abu ne mai sauƙi, ya miƙo hannu zai karɓi wayar. Sai na lissafa abin da zai rage na maganar Baba in an yanke, kalma ɗaya tak. Na janye wayar na ce ya bar ta yadda take.